Sarkin Da Ya Kori Inabi Daga Ƙasarsa, Da Sauran Labaran Da Ba Ku Tambaye Ni Ba

Allah gafarta Malam, sassauta fuska. Tun ban ce uffan ba na ga ka gyara zaman rawani, ka sauke tabarau kan hanci, kana laluben inda za ka damƙe ni. Bari in rage maka wahala: yau maganar giya zan yi. Jar giyar inabi ta ƙasar Faransa, wadda ake yi a wani yanki da suke rubuta sunansa Beaujolais, su furta shi Bojole. To, na faɗa. Mai salati ya yi salatinsa yanzu mu wuce, don labarin da tsawo.

Haramcinta ga Musulmi ba ni da ja, kai ma ba ka da ja, don haka kada mu ɓata yawu a inda babu gardama. Amma ka tuna, Malam, littattafan fiƙihun da ke jibge a zaurenka ba su ji kunyar wannan zance ba. Malamai sun zauna sun fayyace yadda ruwan inabi ke tafasa da kansa ba wuta, ya yi ƙarfi, ya tofar da kumfa, da hukuncinsa in ya juye ya zama khal. Ba wanda ya ce sun kurɓa. In da sanin yadda ake aikata abu daidai yake da aikata shi, da alƙalai sun fi kowa yawa a gidan yari. Kuma ka leƙa firjin gidanka. Madarar da ke ciki, wadda ke kwana da kwanaki ba ta lalace ba, dabarar Louis Pasteur ce ke riƙe da ita, ta ɗumama abu a kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da shi. A kan giyar inabi ya fara gwada dabarar, ya yi mata rajista a 1865, lokacin da giyar Faransa ke tsami a hanya 'yan kasuwa suna asara. Daga baya aka kai ga madara. Ka sha kokonka da madara lafiya, ban ce akwai komai a ciki ba. Tarihi kawai na ba ka.

Kai kuma ɗan boko da ke murmushi a gefe, wanda ya yi 'yan watanni a Faris ya dawo Hausa na yi masa nauyi a baki, kada ka ɗauka yau ranarka ce. Na san abin da ke ranka. Cewa kake in za a yi zancen giyar Faransa ai sai ta Bodo ko ta Burgundi, Bojole kuwa ta talakawa ce. Ba kai ka fara wannan raini ba. Wani basarake ya riga ka da fiye da shekara 600, kuma shi da sojoji.

Ga yadda aka yi. A ƙarni na 14, bayan annobar da ta share kaso mai yawa na mutanen Turai, hannun noma ya yi ƙaranci a Burgundi. Manoma suka raja'a ga wani irin inabi mai suna Gamay, sunan wani ɗan ƙauye da ke kusa da garin Beaune. Dalilinsu duk manomi zai gane shi: yana nuna da wuri, ba shi da fitina, yana cika kwando. Irin da sarakuna ke so kuwa, Pinot Noir, shagwaɓaɓɓe ne, sai an lallaɓa shi, ya ba da kaɗan. Mai mulkin Burgundi na lokacin, Filif da ake wa laƙabi da Jarumi, ya ga martabar giyar ƙasarsa, wadda ake kai wa fadar Fafaroma da ta sarakuna, za ta zube. A watan Yuli na 1395 ya fitar da doka. Ya kira Gamay mugun iri, maci amana, mai cutar da ɗan Adam, ya ce a tumɓuke shi daga gonaki. A cikin dokar har ya hana zuba wa inabi taki, don a ganinsa yawan yabanya na tsinka daɗi. Ku ji fa, jama'a: sarki guda ya tara fadawa, aka yi shari'a da tsiro, aka same shi da cin amana. Na ga wani dattijo can yana girgiza kai, wai ƙarya nake shararawa. Baba, dokar tana nan a rubuce, ba ta ɓace ba.

Sai dai ikon Filif bai kai kudu can ba, ƙasar iyayen gidan Beaujeu, garin da yankin ya ci sunansa. Wani ɗan zirin ƙasa ne mai tuddai, tsawonsa kimanin kilomita 55, tsakanin garin Mâcon da birnin Liyon, kogin Saône na kwance a gabashinsa. A nan Gamay ya zauna ba mai tsangwamarsa, kuma a nan aka gane cewa laifin ba duka nasa ba ne. A ƙasa mai ƙarfi yakan haukace da 'ya'ya, ruwansu ya yi salam. A tuddan arewacin Bojole kuwa, inda dutsen giranit ya rududduge ya zama yashi ja-ja maras abinci, dole ya rage haihuwa, ɗan abin da ya haifa ya yi armashi. Yunwa ce ta koya masa hankali.

Abin dariyar bai fito ba sai a 1999. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da takwarorinsu na Faransa, suka duba ƙwayoyin halittar inabobin nan. Sai ga shi Gamay ɗan Pinot ne na cikinsa. Ɗaya mahaifin nasa wani farin inabi ne na talakawa mai suna Gouais, wanda shi ma an sha hana shuka shi. Wato Filif ya kori ɗa don ya kare martabar uba. Bai ƙare nan ba: Chardonnay, farin inabin da Burgundi ke tinƙaho da shi a duniya, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Gamay. Masu bin diddigin asalin mutane kafin su ba da aure, sai ku yi hattara da ɗakin gwaji.

Yau kusan duk jar giyar Bojole da Gamay ake yinta, kuma hawa-hawa ce. Akwai Bojole gama-gari, mafi yawa daga kudu inda ƙasa ke da yumɓu da farar ƙasa. Akwai ta ƙauyukan da aka yarda sun ɗara. Sai kuma wurare 10 a arewa waɗanda kowannensu ke sa sunansa shi kaɗai a kwalba: Saint-Amour, Juliénas, Chénas, Moulin-à-Vent, Fleurie, Chiroubles, Morgon, Régnié, Brouilly da Côte de Brouilly. Kada ka cije harshe, Alhaji, ba jarrabawa za a yi ba. Biyar daga ciki sun sami wannan matsayi a 1936, Régnié kuwa sai da ya jira har 1988. Tsakanin wasu ƙauyukan tafiyar ƙafa ce, amma masu harkar za su rantse maka cewa ta Fleurie mai laushi ce da ƙamshin fure, ta Morgon da ke kan tudun Côte du Py mai shuɗin dutse ta fi duhu da kauri, ta Moulin-à-Vent kuwa, wadda ta ci sunan wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska, takan yi shekara 10 a kwalba tana ƙara kyau. Na ji wani ya ce duk cika baki ne, ƙasa ai ƙasa ce. Kai da ka faɗi haka, riƙe maganarka, zan dawo kanka da albasa.

Yadda ake yinta ya sha bamban da na sauran wurare. A yawancin gidajen giya ana tsinke inabi daga jikin nononsa a murƙushe. A Bojole da hannu ake yanko nonon inabin sukutum, galibi cikin Satumba, a zuba shi haka nan cikin katafaren tanki. Nauyin na sama ya fasa na ƙasa, ruwan da ya fito ya soma tashi da yis, yana fitar da iskar kabon. Iskar ta cika tankin, ta kori oksijin. Su kuma 'ya'yan da ba su fashe ba, da suka rasa numfashi, sai su fara tsimuwa daga cikinsu, kowane ɗa shi kaɗai a cikin ɓawonsa: kaifin tsami ya ragu, ƙamshi ya taso. Bayan kwanaki kaɗan a matse duka, yis ya ƙarasa mayar da sukari barasa, kusan kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari. Ruwan Gamay fari ne. Jan da ake gani daga ɓawo yake, don haka gwargwadon daɗewar ruwa da ɓawo a tanki, gwargwadon duhunsa da ƙarfinsa.

To ga tambayar da ke cin kowa tun ɗazu, har Malam ya daina jan carbi don ya ji amsa: kai marubuci, ka ɗanɗana ne? Harshena ba ya cikin shaidun wannan shari'a, ranka ya daɗe. Shaidu biyu na kawo, masu sana'ar ɗanɗano da masu ilimin sinadarai, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce abu ne maras nauyi a baki, launinsa ja mai ratsin shuɗi, ƙamshinsa na jajayen 'ya'yan itatuwa ne, ceri da sitiroberi irin wanda ake nomawa a Jos, wani lokaci da ɗan ƙamshin fure ko masoro. Ba shi da zaƙi, ko da yake hanci na yi wa baki alkawarin zaƙi. Yana da tsami mai tsinka yawu. Abin da ba shi da shi da yawa kuwa shi ne bauri.

A nan ne Bahaushe ya fi Bature saurin ganewa, don duk wanda ya taɓa tauna goro ya san yadda baki ke bushewa, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure. Wannan shi ne baurin da suke ta rubuta littattafai a kansa. Sinadarin da ke kawo shi, tanin, yana cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa. In ya shiga baki sai ya kama furotin da ke cikin yawu ya dunƙule shi, santsi ya tafi. Giyar Bodo cike take da shi, shi ya sa ake ajiye ta shekaru kafin ta huce. Ta Bojole, da yake ruwanta bai daɗe da ɓawo ba, baurinta kaɗan ne, ana shan ta tana ɗanya, kuma da ɗan sanyi, wajen digiri 12 zuwa 14. Ka ga, Alhaji, shekara da shekaru kana ɗauke da rabin ilimin masu ɗanɗanon Faransa a aljihun babbar rigarka, nannaɗe da ganye.

Hajiya, na ga kin taɓe baki, wai me ya haɗa abin sha da girki har ake cewa wannan na wancan ne. Ke da ba ki yarda a kawo miyar da ba ta dace da tuwo ba? Ƙa'idar tasu ba ta da wuya. Tsami na yanke maiƙo, ya wanke baki, loma ta biyu ta yi daɗin ta farko. Bauri na son nama mai kauri da kitse, don furotin ɗin naman ya ɗauke masa hankali daga harshe. Abinci mai sauƙi da abin sha mai sauƙi, mai nauyi da mai nauyi. Tunda Bojole mai tsami ce maras bauri, sai ta zama abokiyar abincin talakawan Liyon, birnin da Faransawa da kansu ke kira hedkwatar girkinsu.

A Liyon akwai ƙananan gidajen abinci da ake kira bushon, waɗanda tarihinsu ke haɗe da masaƙan siliki na birnin. A da masaƙan kan fara aiki tun duhun asuba, da hantsi su sauko su ci abinci mai riƙe ciki. Me ake ci? Ki toshe hanci, Hajiya, don kaso mai tsoka na teburin naman alade ne, busasshe da dafaffe da tsiransa iri-iri. Na gaya miki tun yanzu don kada wata rana ki je yawon buɗe ido ki nuna abu da yatsa. Amma ba shi ke nan ba. Akwai tumbin sa da ake tsomawa a garin burodi a soya, akwai hantar maraƙi, akwai dunƙulen naman kifi a cikin miya, akwai cuku mai laushi da ake dama shi da tafarnuwa da albasa da ganyaye, wanda don tsiya suka sa masa suna ƙwaƙwalwar masaƙi. Kin ga ke nan kayan ciki ba mu kaɗai muka san darajarsu ba. Gabas da yankin kuma akwai ƙasar Bresse, mai kaji farare masu shuɗin ƙafa da jan zanko, launukan tutar Faransa cif. Tun 1957 doka ke kare sunan waɗannan kaji. Ana gasa su, ko a dafa zakara a cikin giyar kanta da albasa da naman kaza har ya yi luguf.

A bushon ba a kwalbar kanti ake kawo ta ba. Akwai wata kwalba ta musamman mai kaurin gindi, wadda ke cin santilita 46. Me ya sa ba 50 ba? Ana ba da labarin cewa iyayen gidan masaƙa ne suka ƙirƙiro ta: daga lita guda a cika wa ma'aikata kwalba biyu, ɗan abin da ya rage ya zama na maigida. Na lura 'yan kasuwar da ke cikinmu sun yi tsit, wasu har suna lissafi da yatsu. Ban kama sunan kowa ba, balle in ce Kanawa.

Kada ku ɗauka tun daga zamanin Filif hanya ta miƙe. A shekarun 1860 wani mitsitsin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo kudancin Faransa a jikin itatuwan inabin da aka kawo daga Amurka. Saiwa yake ci a ɓoye, sai dai manomi ya ga gona ta yi rawaya ta mutu. Sannu a hankali ya cinye yawancin gonakin ƙasar, har da na Bojole. An gwada guba, an gwada ambaliyar gona da ruwa, an yi addu'o'i. Maganin da ya yi aiki shi ne wanda duk mai lambun mangwaro ya sani: aure. Inabin Amurka ya saba da ƙwaron, saiwarsa ba ta jin tsoronsa. Sai aka riƙa ɗaura reshen inabin Faransa a kan gindin na Amurka. Wani mutumin Chiroubles, Victor Pulliat, na cikin waɗanda suka dage a kan wannan dabara lokacin da wasu ke ganin ta abin kunya, kuma har yau mutum-mutuminsa na tsaye a ƙauyen. Don haka, ɗan boko, in ka sake ganin Bafaranshe yana hura hanci da giyar kakanninsa, ka tuna kusan kowace bishiyar inabinsa a kan ƙafar Ba'amurke take tsaye.

Wannan annoba ta taɓo nahiyarmu. Da gonakin Faransa suka mutu, 'yan mulkin mallaka suka baza inabi a Aljeriya. Zuwa wajajen 1960, wannan ƙasa ta Musulmi ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi zuwa waje, akasari zuwa Faransa, inda ake gauraya ta da tasu don ta yi launi da ƙarfi. Bayan 'yancin kai a 1962 kasuwar ta rufe, gwamnatin Boumédiène ta tumɓuke gonaki masu yawa. Malam, wannan ba ya cikin abin da za ka yi wa'azi da shi ranar Juma'a, amma ya faru.

Saura labarin da ya fi dacewa da zamaninmu, wato yadda talla ta kusa kashe abin da sarki da ƙwaro suka kasa. Tun da can manoman yankin kan sha ɗanyar giyar bana don murnar gama girbi, su aika wa bushon na Liyon. A 1951 hukuma ta yarda a riƙa sayar da ita tun tsakiyar Nuwamba, makonni kaɗan bayan yankan inabi. Sai 'yan kasuwa suka ga ƙofa, musamman wani mai suna Georges Duboeuf, wanda ya rasu a 2020. Aka sa wa abin suna Beaujolais Nouveau, wato sabuwar Bojole, aka yi mata kwalabe masu zanen furanni. A shekarun 1970 Turawan Ingila suka mayar da abin tsere, kowa na son ya riga kai kwalbar farko Landan. A 1985 aka tsayar da rana: Alhamis ta uku ta Nuwamba, da ƙarfe goma sha biyun dare. Amurkawa suka karɓa, don yawanci mako guda ke tsakaninta da bikin godiyarsu na cin talotalo. Japan ta fi kowa zaƙewa. Da yake agogonsu na gaba da na Faransa da awa 8, sukan riga masu abin buɗe kwalba. A wani wurin shaƙatawa a Hakone har zuba ta ake yi a tafkin wanka mutane su shiga ciki. Kai da ka ce ƙarya nake yi a kan shari'ar tsiro, yanzu me za ka ce?

Da kuɗi suka shigo, sai aka koma laifin da Filif ya zargi Gamay da shi. Aka cika gonaki da taki, aka yi ta neman yawa, aka yi amfani da wani yis na kanti da ke sa giyar ƙamshin ayaba da alewa. Duniya ta sha ta sha, ta gundura. Bayan girbin 2001 sai da aka lalata ko aka sauya kimanin lita miliyan 10 da ba ta sami mai saye ba. Wani masanin harkar, François Mauss, ya gaya wa mujallar Lyon Mag cewa abin da ake yi ɗin, ku gafarce ni, giyar kashi ce. Ƙungiyoyin manoma suka garzaya kotu, kotun Villefranche ta ba su gaskiya a 2003, jaridun duniya suka ɗauki zagin suka yaɗa shi inda mujallar ba ta taɓa kaiwa ba. A 2005 babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin. Garin neman gira aka rasa ido. Gonakin yankin, da suka haura hekta 20,000, suka ragu zuwa ƙasa da 15,000.

Waɗanda suka wanke sunan su ne waɗanda aka riƙa yi wa dariya lokacin da kasuwa ke ci. Wani masanin sinadarai ɗan yankin, Jules Chauvet, ya daɗe yana cewa a rage magunguna a gona, a bar yis ɗin da ke jikin inabi ya yi aikinsa. Marcel Lapierre na ƙauyen Villié-Morgon da abokansa uku, Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet, suka bi shi tun shekarun 1980. Suka noma kaɗan, suka jira inabi ya nuna, suka ƙi gaggawa. Yau kwalaben gidajensu ake nema a Faris da Tokyo da New York.

Likita, na ga hannunka a sama, kuma ka yi gaskiya tun kafin ka buɗe baki. An daɗe ana yaɗa cewa jar giya na kare zuciya, musamman bayan wani shirin talabijin na Amurka a 1991. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu adadin barasa da za a kira maras haɗari, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Faransawan ma sun ja baya. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta, wato kafin nan ana ba su. A 1991 aka yi dokar Évin da ta taƙaita tallar barasa. A shekarun 1960 giyar inabin da ke kan kowane Bafaranshe ta haura lita 100 a shekara, yau ba ta kai rabin haka ba. Malam, ga hujja na ba ka kyauta, daga bakin masu abin.

Na dawo kanka, kai da ka ce ƙasa ƙasa ce. In haka ne, me ya sa kake tambayar mai albasa ko ta Galmi ce? Abin da Faransa ta yi a 1935 shi ne ta mayar da irin wannan tambaya doka: ba ka sa sunan Morgon a kwalba sai inabinka ya fito daga cikin iyakar da aka shata, da irin da aka amince, ba tare da wuce adadin da aka ƙayyade wa kowace hekta ba. Daga giya tsarin ya bazu zuwa cuku da kaji da man shanu, sannan ya ƙetare teku. Ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru irin wannan rajista, ta kuma yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar. E, kilishi. 'Yan'uwanmu na Nijar sun kai shi ofis an buga masa hatimi, mu na wannan ɓangaren muna nan muna gardamar wane gari ya fi iya yanka.

Hukuncina ke nan: Filif ya yi kuskure a kan tsiron, amma ya yi daidai a kan kwaɗayi, kuma sai da mutanen Bojole suka zubar da lita miliyoyi kafin su yarda. Kwalbar ku bar wa masu ita, ba ta cikin tsarabar da na kawo muku. Wanda ke da amsa ya rubuto, ana maraba da zagi in dai da hujja. Amma duk wanda ya zo yana cewa bai karanta ba saboda tsoron Allah, alhali ya san kwalbar Liyon santilita 46 take ci, to zan karanta wasiƙarsa a bainar jama'a.